Ragowar laimar kwaɗi a abincin kajin buroila: tambayoyi da amsoshi ga masu kiwo a Sakkwato

Tun da buhun abincin kaji ya yi tashin gwauron zabo, duk mai 'yan kaji a bayan gida ya zama mai kasa kunne. Yau a ce a zuba musu zogale, gobe a ce tafarnuwa da citta, jibi a ce ganyen shuwaka. Abin da ya shigo kwanan nan shi ne ragowar laimar kwaɗi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawo a bakin masu kiwo, tun daga Hajiya mai kaji 50 a Mabera ko Arkilla har zuwa mai gidan gona a hanyar Bodinga.

Laimar kwaɗi dai da muka sani, wadda ke fitowa a juji da damina?

Danginta ce, amma ba ita ba. Wadda ake magana a kai nomata ake yi a ɗaki, cikin leda, don mutane su ci. A Nijeriya wadda aka fi nomawa ita ce masu sana'ar ke kira oyista, mai kama da kunne, wadda masana suka sa wa suna Pleurotus. A Turai sun fi cin wata fara mai kan ƙwallo, Agaricus bisporus, a China da Japan kuma akwai shitake da enoki. China ce ke noma mafi yawan abin da duniya ke ci.

Wasu Hausawa na kiran mai ciwuwar da suna naman kaza. A wannan bayani na kauce wa sunan da gangan, domin in na ce a ba kaza naman kaza don ta yi nama, sai mu ɓata da juna tun ba a je ko'ina ba.

To mene ne ragowar?

Kashi biyu ce, kuma rabin ruɗanin da ake samu daga haɗa su wuri guda yake tasowa.

Kashi na farko jikin laimar ne da kansa: gindin da ake yankewa kafin a sa a leda a kai kasuwa, da wadda ta kakkarye, da ƙanana, da wadda ta tsufa ta buɗe har mai saye ba zai so ta ba. Wannan abinci ne, mutum ma zai iya ci.

Kashi na biyu shi ne abin da aka shuka ta a kai bayan an gama girbi. Ana shuka oyista a kan garin katako, ko tattakar shinkafa, ko totuwar masara, ko ɓawon gurya, a haɗa da 'yar dusa da farar ƙasa. In an yi girbi sau uku ko huɗu sai ledar ta gaji, a zubar. Abin da ke ciki wani dunƙule ne da farin zare kamar saƙar gizo ya game shi. Yana da yawa ƙwarai: ƙiyasin da aka saba yi shi ne kowane kilo 1 na laima yana barin kimanin kilo 5 na wannan tarkace. Shi ya sa masu noman ke neman inda za su kai shi, har su bayar kyauta. Sai dai yawansa katako ne ko ciyawa, ba laima ba. Duk lokacin da wani ya ce maka "ragowar laimar kwaɗi na sa kaji girma", fara tambayarsa wace ragowar.

Malam, zan iya rage masara ko waken suya in cike gurbin da ita?

A'a. Ga lissafin, ka duba da kanka.

Buhun sitata, wato abincin farko na 'yan tsaki, kilo 25 ne, furotin ɗinsa na kai kashi 22 cikin 100 ko kusa da haka, wato kilo 5 da rabi a buhu. Busasshiyar oyista na da furotin tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100, gindinta kuma bai kai kan ba. Idan ka zuba giram 250 na garinta a buhu, abin da ka ƙara na furotin bai wuce giram 60 da ɗoriya ba. Giram 60 a kan kilo 5 da rabi, ai ɗigon ruwa ne a gulbin Rima. Ko wannan adadin ma da sauran magana, domin jikin laima na ɗauke da wani sinadari mai tauri da ake kira kaitin, irin wanda ke cikin ɓawon fara. A ɗakin gwaji yana shiga lissafi kamar furotin ne, alhali kaza ba ta samun abin kirki daga gare shi. Don haka masana ke rage lambar da suke lissafi da ita in laima suke aunawa.

Ƙarfin da ke sa buroila ta kai kilo 2 cikin mako 6 daga masara yake zuwa, ginin tsoka kuma daga waken suya ko ƙuli-ƙuli. Garin laima matsayinsa matsayin daddawa a miya: ana sa kaɗan don wani amfani, ba a tuƙa tuwo da shi.

In ba ta maye gurbin abinci, mene ne amfaninta?

Amfaninta a hanji yake. A bangon ƙwayoyin jikin laima akwai wani nau'in sukari mai sarƙaƙiya da ake kira bita-gulukan. Kaza ba ta narkar da shi a ƙundu ko a farkon hanji, sai ya gangara har 'yan makafin hanjin nan guda biyu da ke kusa da dubura, inda ƙwayoyin halitta masu amfani ke zaune. Can yake zama abincinsu, su yawaita, su matse wa masu cutarwa wuri. Haka kuma yana zaburar da garkuwar jiki, kamar a ce an taɓa mai gadi don kada ya yi gyangyaɗi. Akwai kuma sinadaran da ke rage saurin lalacewar kitse a jiki da a nama.

Dalilin da ya sa masana suka duƙufa kan wannan shi ne Tarayyar Turai ta haramta sa antibayotik a abincin dabbobi don sa su girma tun daga 1 ga Janairun 2006. Sai aka shiga neman abin da zai yi wani ɓangare na aikin ba tare da barin magani a nama ba. A wani gwaji da aka wallafa daga Girka a 2010, an ba kajin buroila busasshiyar Agaricus giram 10 da giram 20 a kowane kilo na abinci, aka ga ci gaba a nauyinsu, namansu kuma ya fi jinkirin canjawa a firji. An yi wasu gwaje-gwajen a ƙasashe da dama da oyista da shitake da gindin enoki. Sakamakon bai zo iri ɗaya ba. A wasu an ga ƙarin nauyi, a wasu nauyin bai motsa ba amma hanji da garkuwar jiki sun inganta, a wasu kuma da aka yawaita sai girman ya ja baya. Ni abin da na ɗauka daga ciki shi ne: ɗan taimako ne, kuma ya fi bayyana ga kajin da ke cikin matsi, ba ga waɗanda komai nasu ya riga ya daidaita ba.

Wani zai ce maka tana da bitamin D in an shanya ta a rana. Gaskiya ne, amma nau'in D2 ne, kaji kuwa D3 suke amfana da shi sosai. Kada ka cire firimis, wato haɗin bitamin da ake sa wa abincin kaji, saboda wannan.

Nawa ake sawa?

Yawancin gwaje-gwajen sun tsaya tsakanin rabin kashi 1 zuwa kashi 2 cikin 100 na busasshen gari. A buhu mai kilo 25 ke nan: giram 125 a ƙasa, giram 250 a tsakiya, giram 500 a sama. Shawarata a fara da 125 na mako guda, a duba kashinsu da yadda suke ci, sannan a hau 250 a tsaya nan. A auna da sikeli. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan bai sani ba, domin garin laima ba shi da nauyi, gwangwanin madara cike da shi ba zai kai nauyin gwangwanin gero ba.

Kajin kwana ɗaya zuwa mako guda a bar su da sitatarsu zalla. Cikinsu ƙarami ne, duk abin da ya shiga ya kamata ya zama mai gina jiki.

Kaji 100 nake zubawa. Ragowa nawa zan nema?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini, domin a nan zancen ke saukowa ƙasa.

Buroila ɗaya na cin kimanin kilo 4 da rabi daga ranar da ta zo zuwa mako 6 ko 7. Kaji 100 ke nan kilo 450, buhu 18. Kashi 1 cikin 100 na wannan shi ne kilo 4 da rabi na busasshen gari. To amma ɗanyar laima kusan kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne. Sai ka shanya kilo 10 kafin ka samu kilo 1. Don haka kana buƙatar kimanin kilo 45 na ɗanyen gindi don zubi ɗaya na kaji 100.

Yanzu ka tambayi kanka ina za ka samu kilo 45 na gindin laima a Sakkwato. Noman laimar kwaɗi a kudu ya fi ƙarfi, wajajen Legas da Ogun da Ibadan, sai 'yan gonaki a Abuja da Jos. Ɗanya ba ta jure tafiya, kwana biyu a leda cikin zafi ta fara yauƙi da wari. In dai daga nesa za a kawo maka, to busasshiya za a kawo, kuma sai ka haɗa kuɗinta da na mota ka kwatanta da ribar da kake tsammani. In kuma laimar da ake sayar wa otal-otal za ka saya da kuɗinka ka niƙa wa kaji, ka yi asara tun kafin ka buɗe buhu, domin kilo ɗinta ya fi kilon naman kazar tsada. Abin yana da ma'ana ne kawai in ragowa ce ta gaske, wadda mai ita zai zubar ko ya sayar da arha.

To mu dawo kan tarkacen ledar, tun da shi ne mai yawa kuma kyauta. Ba za a ba kaji ba?

Ga buroila, ni ban ba da shawara ba, sai da sharuɗɗa masu tsauri.

Oyista na da baiwar narkar da ɓangaren itace mafi tauri, shi ya sa tarkacen da ta gama ci ya fi ɗanyen garin katako laushi, kuma farin zaren da ya game shi na ɗauke da irin sinadaran da muka ambata. Amma har yanzu yawancinsa faiba ne, wato harzar tsiro. Abincin buroila ba a so faibarsa ta wuce kashi 5 cikin 100 da yawa. Kaza ba ta da tumbi irin na rago ko saniya da zai sarrafa ciyawa. Duk cokalin tarkacen da ya shiga cikinta ya tare wurin cokalin masara. Za ka ga suna ci kamar ba gobe, shimfiɗa na jiƙewa, nauyi kuma ba ya zuwa. Ga farar ƙasar da aka haɗa tun farko tana ƙara toka a abincin. Na garin katako ya fi muni, domin ba ka san itacen da aka yanka ba, ko an shafa masa maganin gara.

In mutum ya nace sai ya gwada, to ya nemi na totuwar masara ko tattakar shinkafa, fari tas ba ɗigon kore ko baƙi, ya busar sarai, ya niƙa, ya tankaɗe, ya sa a finisha kawai, wato abincin makonnin ƙarshe, kada ya wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100.

Tarkacen Agaricus kuwa ko kusa. Da kashin doki da kashin kaji ake haɗa takin da ake shuka ta a kai.

In ban ba kaji ba, me zan yi da shi?

Yana da gidaje biyu da suka fi masa. Na farko masu kiwon raguna da shanu: dabba mai tuƙa tana iya cin wani kaso na tarkacen tattaka mai tsabta a haɗe da dusa da harawa, da shawarar likitan dabbobi. Na biyu gona. A tara shi ya ƙara ruɓewa na wasu makonni, sai a kai fadama. Ƙasarmu mai yashi ce, ba ta riƙe ruwa, duk abin da zai ƙara mata jiki masu albasa da tattasai a Kwalkwalawa ko Wurno za su yi maraba da shi.

Kada a shimfiɗa shi a ɗakin kaji a madadin buntun shinkafa. Yana riƙe danshi, danshi kuma shi ne gidan kashin jini.

Wane haɗari ne ya fi girma?

Funfuna, ko hunhuna kamar yadda muke cewa a nan. Abin da aka ajiye makonni cikin ɗaki mai laima da ɗumi ba laimar kwaɗi kaɗai ke son sa ba. Akwai koriyar funfuna da ke addabar masu noman, akwai kuma dangin Aspergillus. Ɗaya daga cikinsu na fitar da gubar afalatoksin mai lalata hanta, ta dakushe garkuwar jiki, har rigakafin da ka yi ya ƙi kamawa yadda ya kamata. Ta hanyar kiwon tsuntsaye ma aka fara gano gubar: a 1960 talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Burazil. Wani daga cikin dangin Aspergillus ɗin kuma ƙurarsa ce ke shiga huhun 'yan tsaki, ka gan su suna miƙa wuya suna haki, kuma babu wani maganin kirki in ta kama.

Shanya a rana ba ta kashe afalatoksin, tafasawa ma haka. Don haka duk abin da ka gani da kore, ko baƙi, ko rawaya, ko yana warin tsami, ko ya yi yauƙi, a haƙa rami a binne. Kada a ce a yanke wurin da ya ɓaci a yi amfani da sauran. Garin neman gira ake rasa ido.

Da damina tana fitowa da yawa a bayan gidanmu da gindin itatuwa. In tsinko in shanya?

Kada ki soma, Hajiya. Cikin na daji akwai masu ciwuwa, kamar wadda ke fitowa a kan suri, amma akwai masu guba da ke kama da su kamar an tsaga kara. Akwai wata babba fara mai faɗin kai da ke fitowa a ciyawa bayan ruwa, in ta tsufa ƙasan kanta ya koma kore-kore, tana sa amai da gudawa mai tsanani. Akwai kuma waɗanda gubarsu hanta take ci, kuma dafuwa ko bushewa ba sa karya ta. Zancen cewa in akuya ta ci ko ƙwari sun ci to ba ta da guba, ba gaskiya ba ne. Ga yara a gida, abin da aka shanya a tsakar gida ba kaji kaɗai ke kai masa hannu ba.

Yaya ake busar da gindin a niƙa?

A nan Allah ya ba mu abin da mutanen kudu ke nema da kuɗi. Mai noman laima a Ogun sai ya sayi injin busarwa, mu kuwa daga Nuwamba zuwa Mayu iskarmu kanta injin ce.

A karɓi gindin ranar da aka yanke shi. A kankare garin katakon da ya manne a ƙasansa da wuƙa, kada a jiƙa shi a ruwa, domin kamar soso yake sha. A yayyanka siriri-siriri yadda ake yanka kuɓewar shanya. A baza a kan raga ko faifai a bisa wani abu mai tsayi, ba a ƙasa ba, a rufa da gidan sauro saboda ƙuda da ƙurar hunturu. Ana juyawa. Alamar ya bushe ita ce in an lanƙwasa ya karye ƙas. In ya lanƙwasu kamar fata, da saura. Da damina kuwa, musamman Agusta, shanyar fili na iya jawo funfunar da ake gudu, sai an samu akwatin busarwa mai aiki da hasken rana. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta daɗe tana aiki kan irin waɗannan na'urori.

Wurin niƙa a ce wa mai inji ya fara wuce da 'yar dusa don ta share injin, kada a kwaso ragowar barkono ko jiƙaƙƙen ƙullu. A tankaɗe da rariya, a zuba a bokiti mai murfi, a ajiye inda ba danshi.

Yaya zan gauraya giram 250 a cikin buhu guda ya game ko'ina?

Ba a juye shi a kan buhu a juya sau biyu a ce an gama. In aka yi haka kaji biyar za su cinye rabon hamsin. A fara haɗa garin da mudu ɗaya na abincin, a cuɗa sosai. A ƙara mudu biyu a kai, a sake cuɗawa. A ci gaba da ninkawa har buhun ya ƙare. A kan leda mai tsabta ko a babban baho.

In abincinka mai ƙwaya-ƙwaya ne, garin zai zube ƙasan mazubi, kaji su tsince ƙwayar su bar shi. Dabarar ita ce a ɗan shafa wa abincin man gyaɗa ko man suya kaɗan, cokali biyu ko uku a mudun farko, sai garin ya manne. Amma abin da aka sa wa mai kada ya wuce kwana biyu zuwa uku, zafinmu na sa mai ya yi ɗaci da wuri. Masu haɗa abincinsu da kansu a injin sun fi samun sauƙi, sai su sa shi tare da firimis da gishiri.

Zai sa in daina rigakafi da sayen magani?

Rigakafi ba ya cikin ciniki. Gamboro da Lasota a yi su a kan lokacin da likitan dabbobi ya tsara, a kawo su cikin ƙanƙara, a ba su da sanyin safiya. Cutar Niyukasil, wadda ake yin Lasota dominta, in ta shiga ɗakin da ba a yi wa rigakafi ba, ba garin laima ba, ko me ka zuba ba zai tare ta ba. Kashin jini ma in ya bayyana maganinsa ake nema nan take. Akwai gwaje-gwajen da suka nuna sinadaran laima na rage wa kaji raɗaɗinsa, amma ragewa daban, warkarwa daban.

Inda nake ganin za a iya cin riba shi ne wannan ɗabi'a tamu ta zuba antibayotik a ruwan kaji tun daga ranar farko har ranar sayarwa, ko suna ciwo ko ba sa yi. Kuɗi ne ke tafiya, ƙwayoyin cuta na sabawa da maganin, ragowarsa kuma na zuwa cikin tukunyar mai saye in ba a dakata ba kwanakin da aka rubuta a jikin leda. Wanda ya gyara tsabtar ɗaki, ya bar shimfiɗa a bushe, ya wanke mazubin ruwa kullum, zai iya barin wannan ɗabi'a, garin laima kuma ya zama ɗaya daga cikin masu tallafa masa. Shi garin ba ya buƙatar a dakata kafin yanka. In kaji suka fara mutuwa, a ɗauki gawa ɗaya ko biyu sabbi a kai asibitin dabbobi na jiha ko asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na jami'a a buɗe a gani, maimakon a yi ta canja leda a shagon magani.

Zai taimaka musu da zafin Afrilu?

Kaɗan ƙwarai, in ma ya taimaka. Babbar buroila ta fi jin daɗi a ma'aunin zafi 18 zuwa 24, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu muna wuce 40. Kaza ba ta gumi, haki take yi, kuma mafi ƙiba su ke fara faɗuwa, galibi tsakanin azahar da la'asar. Abin da ke ceton su ruwa mai sanyi ne daga randa, da rage yawansu a ɗaki, da ɗora zana ko kara a kan kwano, da buɗe ɗakin iska ta ratsa, da janye abinci da hantsi a mayar da yamma in gari ya huce, da bitamin C a ruwa. Da yawa daga masu kiwo a nan ma hutawa suke yi a waɗannan watanni, ko su lissafa zubinsu yadda kajin ba za su yi nauyi a tsakiyar bazara ba.

Naman zai canja ɗanɗano ko wari?

A wannan ɗan adadin, a'a. Mai tsire ko mai gashi ba zai bambance ba.

Wani ya kawo mini garin laima a roba, ya ce yana sa kaza ta kai kilo 3 a mako 4. In saya?

Sai ka tambaye shi irin kazar. Cobb 500 da Ross 308, waɗanda su ne gwanayen girma, ko a gidan gonar da ke da na'urar sanyaya ɗaki ba sa kai kilo 3 a mako 4. Wanda ya fara da irin wannan alƙawari ya riga ya gaya maka ko shi wane ne. Duk abin da aka ƙulla a roba ana sayarwa a matsayin ƙarin abincin dabbobi ya kamata ya zo da lambar NAFDAC, da bayanin abin da ke ciki, da ranar lalacewa. Gari launin ƙasa-ƙasa ba ya faɗin sunansa. Ana iya niƙa tarkacen garin katako a ce maka gindi ne. In ka zuba kaɗan a kofin ruwa ka ga tsiraran katako na yawo, ko ka murza ka ji kaushi, ka san abin da aka kawo maka. Gara ka sayi busasshen gindin da idonka ya gani, ka niƙa da kanka.

Me zai hana in noma laimar da kaina a nan?

Ba abin da zai hana, amma ba don kaji ba. Oyista na son zafi tsakanin 20 zuwa 30 da iska mai danshi sosai, kashi 80 zuwa 90 cikin 100. Da bazara zafinmu ya yi mata yawa, da hunturu sanyin ya yi daidai amma iskar ta bushe ƙayau. Damina ce lokacinta, ko kuma ɗakin ƙasa mai kauri da aka rataya wa buhunan algarara ana yayyafa musu ruwa. Kayan shuka kuwa muna da su a yalwace, tattakar shinkafar da ake ƙonawa a fadamun Goronyo da Kware kaɗai ta isa. Ana turara ta a durom don kashe funfuna, a bar ta ta huce, a zuba iri, a ɗaure leda, cikin mako 3 zuwa 4 farin zaren ya game ta. Iri da horo ana samu a cibiyoyin bincike irin su FIIRO da ke Oshodi a Legas da NIHORT a Ibadan.

Sai dai ka fara neman mai saye kafin ka sayi leda, domin yawancin mutanenmu har yanzu kallon abin juji suke mata. In ka samu kasuwa, kai ka ci riba a kan, kajinka su ci gindin, gonarka ta ci tarkacen. Ɗakin laimar kuma a nesanta shi da ɗakin kaji.

Ta yaya zan tabbatar ko yana yi wa kajina aiki?

Da sikeli da littafi. Ido na ruɗi, musamman idon wanda ya riga ya kashe kuɗi yana so abin ya yi.

Ka ɗauki kaji daga kwali ɗaya, ranar zuwa ɗaya. In sun cika mako guda ka raba su gida biyu da waya ko katako a cikin ɗaki ɗaya, ba tare da ka zaɓi manya ka kai gefe guda ba. Zakaru sun fi kaji mata saurin girma, don haka in ana iya ganewa a daidaita su a ɓangarorin biyu. Abinci iri ɗaya, ruwa ɗaya, rigakafi rana ɗaya. Bambancin kawai ɓangare guda na samun garin. Kowace Asabar da safe kafin a ba su abinci ka auna su, ka rubuta. Ka rubuta buhu nawa kowane ɓangare ya cinye da guda nawa suka mutu.

Ranar sayarwa sai ka raba kilon abincin da suka ci da kilon nauyinsu. Misali, in kaji 50 sun cinye buhu 9, kilo 225 ke nan, nauyinsu gaba ɗaya kuma kilo 115, to kowane kilo na kaza ya ci maka kusan kilo 2 na abinci. In ɗaya ɓangaren ya ba ka kilo 120 da buhu 9 ɗin, ka samu ƙarin kilo 5. Sai ka cire kuɗin gindin, da na mota, da na niƙa, ka ga abin da ya rage. Zubi ɗaya bai isa hukunci ba, domin ɓangaren da ke kusa da taga ma na iya fin ɗayan. A zubi na biyu ka sauya musu gefe, ka sake aunawa.